Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Zamfara Kan Lafiyar Jama'ar Talata Mafara Da Bakura Da Maradun

Zuwa ga
Mai Girma Gwamnan Jihar Zamfara,
Alhaji Dauda Lawal,
Gidan Gwamnati, Gusau.



Manufar wannan wasiƙa ita ce jawo hankalin Mai Girma Gwamna ga halin da marasa lafiya ke ciki a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda suke maƙwabtaka da juna a shiyyar yammacin jihar, suke noma da ruwan madatsar Bakolori, suke kuma kwana da fargabar 'yan bindiga iri ɗaya. An zaɓi a rubuta ta a buɗe ne saboda al'amarin da ta ƙunsa ya shafi talakan ƙauye da ma'aikacin asibiti da basarake da ɗan majalisa baki ɗaya, kuma maganar da aka yi a bainar jama'a ta fi sauƙin bibiya a kan wadda aka yi a zauren ofis.

Adalci ne a fara da faɗin abin da aka yi. A watan Janairun 2024 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, wato ta amince a fili cewa fannin ya taɓarɓare har ya kai matakin da sai an ba shi fifiko na musamman wajen kuɗi da aiki, kuma tun daga lokacin an gyara manyan asibitoci da dama a faɗin jihar, an sabunta gine-gine, an zuba kayan aiki. Duk wanda ya san yadda waɗannan wurare suke a da ba zai rena wannan ƙoƙari ba. Sai dai abin da wannan wasiƙa take son kafawa shi ne cewa a wannan yanki mafi yawan waɗanda cuta ke kashewa suna mutuwa ne kafin su ga ƙofar asibitin da aka gyara, don haka ma'aunin nasarar dokar ta-ɓaci ya kamata ya zama ko mara lafiya daga ƙauye yana iya isa hannun ma'aikacin lafiya a kan lokaci, musamman da dare, ya kuma tarar da abin da zai cece shi a wurin.

Tarihin mulkin jihar ma yana ƙarfafa wannan magana. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24 na mulkin farar hula a Zamfara sun kasance a hannun 'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Ba a kawo wannan don a zargi kowa ba, an kawo shi ne domin ya nuna cewa kusancin gari da kujerar mulki yana iya kawo masa gini da titi, amma ba ya wadatar wajen kafa tsarin da zai ci gaba da aiki bayan mai kujerar ya sauka, kuma tsarin shi ne abin da yankin yake nema har yanzu.

Masana lafiyar mata suna da wata hanya ta nazarin mutuwar masu juna biyu wadda Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka tsara a 1994, ana kiranta jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar neman asibiti, da jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an isa. Duk da cewa an tsara ta ne saboda haihuwa, tana bayyana yadda yaro mai sanƙarau ko manomin da aka harba a gona yake rasa ransa. Muhimmancinta ga Najeriya a bayyane yake, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka mutu a ƙasar nan a 2020 sakamakon ciki da haihuwa, wanda ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya gaba ɗaya, kuma arewa maso yamma tana cikin shiyyoyin da abin ya fi tsanani.

Jinkiri na farko ana yawan ɗora shi a kan jahilci ko al'ada, kuma akwai gaskiya a cikin hakan, tun da har yanzu mafi yawan matan karkara a gida suke haihuwa a hannun ungozoma. Amma magidancin da ya biya 'yan bindiga haraji kafin a bar shi ya shuka, ya sake biya kafin a bar shi ya girbe, ko ya sayar da shanunsa da gonarsa ya haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa, idan ya tsaya yana lissafi kafin ya ɗauki matarsa zuwa asibiti, lissafin talauci yake yi. Ya san kuɗin mota, ya san za a rubuto masa takarda ya je kemis ya sayo safar hannu da ruwan ƙari da allura, ya san idan aka ce tiyata sai ya ciwo bashi. Saboda haka yakan fara da jiƙo da rubutu da maganin kemis na cikin gari, sai abin ya ci tura a nufi asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata mabuƙata tiyatar haihuwa kyauta. Waɗannan tanade-tanade ba sa rage jinkirin farko sai mutumin ƙauye ya ji labarinsu daga bakin limaminsa da dagacinsa, ya kuma ga maƙwabcinsa ya je ya dawo ba tare da an karɓi ko sisi ba.

Jinkiri na biyu shi ne inda lafiya da tsaro suka haɗu, kuma shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Shekarar 2021 kaɗai ta isa shaida kan yadda yankin yake: a ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara, a watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, a ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun. Duniya ta ji waɗannan labarai saboda makarantu ne, amma hanyoyin da aka bi aka kai hare-haren su ne hanyoyin da mai naƙuda take bi. Idan naƙuda ta tashi bayan sallar isha'i a ƙauyen da ke bakin daji, sai mata su taru a ɗaki, maza su taru a ƙofar gida, a aika wa mai babur ko mai mota ya ce ba zai fita ba sai gari ya waye, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Zubar jini bayan haihuwa kuwa tana iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu, jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke haddasawa, ba ta jiran asuba, doguwar naƙuda kuma idan ba ta kashe uwa ba takan kashe jariri ta bar uwar da yoyon fitsari.

Matakan tsaro su kansu, duk da kyakkyawar niyyar da ke bayansu, sukan ƙara wa wannan jinkiri tsawo. Lokacin da aka katse layukan waya a jihar a Satumban 2021, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da man fetur, an toshe wa 'yan bindiga wasu hanyoyi, amma an kuma yanke wa iyalan marasa lafiya hanyar kiran direba ko ma'aikacin asibiti. Haka nan dokar taƙaita zirga-zirgar babura da dare da aka kafa a 2024 ta shafi abin hawan da shi kaɗai ke iya shiga yawancin ƙauyuka, musamman da damina. Hankali yana hukunta cewa duk dokar tsaro irin wannan ta zo da tanadi bayyananne ga mara lafiya, wanda sojoji da 'yan sanda da Askarawan Zamfara da ke shingayen bincike suka sani kuma suke aiki da shi, domin kada mai ɗauke da mara lafiya ya tsaya zaɓi tsakanin tsoron ɗan bindiga da tsoron jami'i.

Hanyoyin rage wannan jinkiri sanannu ne, an ma taɓa gwada wasunsu a jihar nan. A ƙarƙashin wani shirin lafiyar uwa da yaro da ya yi aiki a Zamfara da Katsina da Yobe da Jigawa, an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, kuma ana iya farfaɗo da wannan tsari da kuɗin jiha. Akwai kuma abin da ake kira gidan jiran haihuwa, wato masauki kusa da babban asibiti inda mace daga ƙauye mai nisa, ko wadda awon ciki ya nuna tana cikin haɗari, za ta tare tare da mai taya ta zama makonni kaɗan kafin watanta ya kama. A yankin da tafiyar dare ta gagara, kawo mai ciki kusa da asibiti da rana tsaka, tun kafin naƙuda, shi ne mafi sauƙin abin da gwamnati za ta iya yi a garuruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Jinkiri na uku yana faruwa ne a cikin asibitin, kuma yawancinsa ƙarancin ma'aikata da kayan aiki ne ke jawo shi. Allurar oksitosin da ke tsayar da jini tana lalacewa idan ba ta cikin sanyi, jinin ƙari ba ya ajiyuwa ba firji, ɗakin tiyata ba ya aiki ba wuta da mai ba da maganin barci, saboda haka wutar sola mai ɗorewa da ma'ajiyar jini a kowane babban asibiti sun cancanci a sa su gaba da fenti da katanga. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2023, wanda aka gudanar a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba, tare da ba da magungunan tsayar da jini a lokaci ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Abu ne mai araha wanda ba ya buƙatar ƙwararren likita. Idan kuwa babu shi, babu jini, babu mai tiyata, sai a rubuta takardar tura mara lafiya zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, jinkiri na biyu ya sake farawa daga tushe a kan titin da shi ma ba a amince masa ba.

Game da waɗanda harsashi ya sama, dokar ƙasa ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da neman takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, sannan ya sanar da 'yan sanda daga baya, kamar yadda Dokar Lafiya ta 2014 ta haramta ƙin duba duk wanda ya zo cikin halin gaggawa. Jihar da ake kawo masu raunin harbi kusan kullum ta fi kowace buƙatar a manna waɗannan dokoki da Hausa da ajami a ƙofar kowane asibiti, a kuma ware wa asibitocin asusun da za su riƙa maye kuɗin wannan magani, domin doka ba ta sayen zare da allurar ɗinki.

Batun tamowa, wato ramewar yara saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, ya fito da wata matsala ta daban, wadda ita ce dogaro da baƙi. Ana gane tamowa da wani ɗan zare mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a damtse, idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin mai tsanani, kuma ƙyanda ko gudawa ko zazzaɓin cizon sauro na iya kashe shi cikin kwanaki. Binciken da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi tare da Ma'aikatar Lafiya ta jiha a Shinkafi da Zurmi a watan Yunin 2024 ya auna yara sama da 97,000, ya kuma gano fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa, dalilan da suka jawo haka kuwa, wato gonakin da suka gagara nomawa da gudun hijira da tsadar hatsi, duk suna nan a Maradun da Bakura. MSF tana tallafa wa jinyar irin waɗannan yara a babban asibitin Talata Mafara, kuma ta cancanci godiya, amma yanke tallafin da Amurka ta yi a 2025 ya nuna yadda kuɗin agaji yake iya ɗaukewa cikin dare ɗaya. Masu hikima sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ya kamata kasafin jiha ya ƙunshi kuɗin sayen abincin magani na gyaɗa da madara da ake bai wa waɗannan yara, a kuma koya wa iyaye mata ɗaura zaren awon da kansu, tun da uwa tana tare da ɗanta a ranar da ma'aikaci ba zai iya shiga ƙauyen ba.

Zamfara ta taɓa ganin abin da jinkirin hukuma ke jawowa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida da kwanukan abinci, yara masu rarrafe su sha ta da hannu, har yara aƙalla 400 suka mutu, wasu da yawa kuma suka tashi da lalurar ƙwaƙwalwa. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, saboda kuɗin aikin ya daɗe bai fito ba. MSF ta miƙa wa hukumomi aikin jinyar yaran da gubar ta kama a 2022, Gwamnatin Tarayya kuma ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa jihar tun 2019 a watan Disamban 2024. Tun da haƙar ta dawo a hukumance, kuma ɗanyen dutse yana bin hanyoyin shiyyar yamma, wajibi ne babban asibitin Talata Mafara ya mallaki na'urar auna dalma a jini da ma'aikatan da suka san cewa yaron da ya zo da jijjiga ba lallai ne zazzaɓi ke damunsa ba.

Irin wannan darasi ne sanƙarau ya bayar. Annobar da ta ɓulla a jihar a ƙarshen 2016 ta yaɗu kafin rahoto ya kai inda ya kamata, kuma zuwa tsakiyar 2017 an ƙirga mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 sun rasu, Zamfara kuma ita ce ta fi jin jiki, domin ƙwayar cutar nau'in C ce alhali riga-kafin da aka yi wa jama'a a baya na nau'in A ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon riga-kafi mai kare nau'i biyar, amma amfaninsa ya rataya ga isa ƙauyuka kafin zafin bazara, da kuma samun wanda zai kai rahoto idan yara uku suka sanƙare a unguwa ɗaya.

Ruwan Bakolori, wanda aka kammala madatsarsa a 1978, albarka ne ga noman shinkafa da kayan lambu, sai dai ruwan da ke kwance a magudanai yana raya sauro har cikin rani, yana kuma raya dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini ga yara masu wanka da manoma masu shiga ruwa, ta kuma lalata mafitsara da ƙoda a hankali. Maganinta ƙwaya ce da aka saba rabawa ta makarantu, wanda ke nufin yaran da rashin tsaro ya raba da aji da almajiran tsangayu suna tsallakewa. Amai da gudawa kuwa, wadda ta kashe fiye da mutum 3,600 a Najeriya a 2021, ta kuma sake ɓulla a Zamfara a daminar 2025, tana bin rijiyoyin da ambaliya ta gurɓata da matsugunan 'yan gudun hijira da ba su da makewayi, alhali ruwan gishiri da sukari da aka ba da da wuri yana sauko da mutuwa zuwa ƙasa da mutum 1 cikin 100. Zuba sinadarin kilorin a rijiyoyi da gyaran fanfunan burtsatse kafin saukar ruwan sama aikin lafiya ne kamar yadda tiyata take.

Duk waɗannan sun dogara ga mutum, wato ma'aikacin da zai yarda ya zauna. Malamar jinya da aka tura ƙauyen da ake sace mutane, ba gida, ba alawus na haɗari, ba tabbacin abin da zai faru da iyalinta idan aka ɗauke ta, za ta nemi canjin wuri, kuma wasiƙar gargaɗi ba za ta mayar da ita ba. Mafita mai ɗorewa ita ce a zaɓo 'ya'yan mazaɓun kansu, musamman mata, a ɗauki nauyin karatunsu a kwalejin kimiyyar lafiya ta Tsafe da makarantar jinya da ungozoma ta Gusau, bisa yarjejeniyar za su koma su yi wa garuruwansu aiki na wasu shekaru, tare da albashi a kan lokaci da matsuguni a harabar asibiti.

Saboda haka wannan wasiƙa tana roƙon Mai Girma Gwamna ya ba da umarnin kafa gidajen jiran haihuwa da ma'ajiyar jini mai wutar sola a hedikwatun ƙananan hukumomin uku, ya farfaɗo da jigilar gaggawa ta direbobi tare da tanadi ga marasa lafiya a cikin dokokin tsaro, ya sa abincin tamowa da maganin masu raunin harbi a cikin kasafin kuɗi, ya kuma kusantar da kason lafiya ga kashi 15 cikin 100 da shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja a 2001. Sama da waɗannan duka, tana roƙon Ma'aikatar Lafiya ta riƙa fitar wa jama'a, duk bayan wata uku, jerin mazaɓun jihar 147 da bayanin wace ce take da asibitin matakin farko mai ma'aikaci da magani, wace ce aka rufe nata saboda tsaro, da adadin matan da suka mutu wajen haihuwa a kowace ƙaramar hukuma, har da waɗanda suka mutu a gida ko a hanya, wanda masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun za su iya taimakawa wajen tattarawa ta hannun hakimai da dagatai da limaman da ke sallar jana'iza. Alƙaluman farko ba za su yi daɗin ji ba, amma da su ne za a san inda za a tura ungozoma ta gaba da motar gaba, da su ne kuma jama'a za su iya yi wa wannan gwamnati da masu zuwa bayanta hisabi na adalci.

Allah Ya yi wa Mai Girma Gwamna jagora, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya dawo da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.



Daga wani ɗan jihar mai kishin lafiyar al'umma,
Talata Mafara.